Ranar da Duba-Gari Ya Ɗauki Azumi

In na ji yaran yanzu suna cewa wance tana da zuciya, dariya kawai nake yi, don ba su ga yayata ba. Mace ce da in ta yi tsaki a Kakuri, direban jirgin ƙasa yakan ja birki a tasha, yana zaton wani abu ya fashe a tukunyar jirgi. Akuyar maƙwabta ta taɓa sa baki a ƙullun ƙosanta, Yaya ta kalle ta kawai, ko kora ba ta yi ba. Akuyar nan ba ta sake haihuwa ba har aka yanka ta.

A shekarun da ake haƙa harsashin masaƙa ne, Turawa suna nan ba su fara ɗaure kaya ba. Mijin Yaya leburan jirgi ne, zazzaɓi ya ɗauke shi a wata damina ya bar ta da yara ƙanana. Ni kuma autan gidanmu, tela, na zo da keken ɗinkina na kafa a zauren gidan da take haya da sunan zan riƙe ta. Gaskiyar magana tukunyarta ce ta riƙe mu duka. Da safe koko da ƙosai, da rana tuwo, leburori su yi layi tun daga ƙofa har bakin mangwaro. Kekena kuwa hira ya fi ɗinkawa.

Layinmu kowa baƙo ne. Dama da mu wani makaniki ne mutumin Gabas da matarsa, wadda kowa ke kira Madam, mai sayar da gwangwanaye da sabulu a tebur. A bakin layi kuma akwai wata tsohuwa Kirista daga kudancin Zariya, mai sayar da itace da daddawa, muna ce mata Mama. Ana gaisawa, ana aron wuta, amma kowa damuwarsa a cikin ɗakinsa take kwana.

Sai duba-gari.

Aikinsa, yadda gwamnati ta tsara, shi ne ya shiga gida gida ya duba tsabta, musamman randunan ruwa, kada sauro ya yi 'ya'ya a ciki. Aiki ne mai kyau, ban taɓa musu ba. Namu dai Allah ya yi masa baiwa ta daban. Yakan zo duk ranar Alhamis da gajeren wando na kaki, safa har gwiwa, hular kwano a ka, sai wani ludayin ƙarfe mai dogon mariƙi da yake saɓawa a kafaɗa kamar bindiga. Ludayin nan ban taɓa ganin mai albarka irinsa ba. Ki wanke randarki da toka da soso, ki ɗebo ruwan famfo ki tace da farin ƙyalle, ki rufe da faifai ki ɗora dutse, ludayin nan yana shiga sai ya fito da 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil, ƙosassu, kamar an yi musu kiwo. Na rantse da za a tsoma shi a tafasasshen shayi, da su zai fito, har da kakanninsu.

Amma bawan Allah ya gano magani, kuma bai yi rowarsa ba. Ya gano cewa sauro na tsoron kaza. Duk gidan da aka miƙa wa leburansa kaza a zaure, ko ƙwai, ko turmin atamfa in gidan masu hali ne, sauro ba ya kusantar randarsu. Likitocin Turai suna can suna ta fama da kwalabe, ga ilimi a Kakuri yana yawo da safa.

Gidan da bai san maganin ba kuwa, leburan zai ɗaga randa ya buga da ƙasa, sannan a ba da sammaci. Matan Gbagyi da ke kawo tukwane daga wajen Kudenda ba su taɓa yin kasuwa irin ta zamaninsa ba. Ina jin har addu'a suke yi masa.

Abin da ya fi burge ni da idonsa shi ne yadda yake zaɓe. Bayan gidajenmu akwai wata kwata da ta taso daga gidajen akawuna na kan tudu, ta gangaro da ruwan wankansu da na wanke-wankensu, ta zo daidai bayan katangarmu ta kwanta ta yi tafki. Sauron wurin nan in suka tashi da yamma sai kaji su shiga akurki. Mutumin da ke hango ɗan sauro a ƙasan randa cikin duhun ɗaki, shi ne ke tsallake kwatar nan duk Alhamis, yana tattare safa, bai taɓa ganinta ba.

Yaya ta ce ko gashin kaza ba za ta bayar ba. Zuwan farko aka fasa mata randa. Ta sayi wata. Zuwa na biyu aka fasa, aka haɗa mata da sammaci. Na raka ta kotu a ƙetaren gada, muka wuni a benci, aka kira ta aka yi mata faɗa a kan ƙazanta, ita da ke wanke tsintsiya bayan ta yi shara. Aka kuma gaya mata a fili cewa tunda abinci take sayar wa jama'a, in aka sake kama ta, an hana ta sana'ar ke nan, kuma za a sa ido.

A hanyar dawowa ko tsaki ba ta yi ba. Wannan ya fi tsorata ni, don Yaya in tana faɗa lafiya ce. Muna isa gida ta ɗauki taɓarya, ba ta kullum ba, wadda ake daka hatsin biki da ita, ta jingine ta bayan ƙyauren zaure, daidai inda hannu zai kai.

Na tambaye ta ko sussuka za a yi a zaure. Ta ce Alhamis za a yi.

Na zauna na yi mata nasiha irin ta maza masu hangen nesa. Na ce kaza nawa take, mu ba duba-gari ɗaya mu huta, ni zan saya ma, in ta ranta mini kuɗin. Na ce in ta fasa masa kai, gidan yari yana nan kusa, ba sai ta hau mota ba, amma yaran fa, ni ko ruwan zafi ban iya dafawa ba. Ta dube ni ta ce, “Auta, da kai da kazar ban san wanda ya fi wani jarumta ba.” Makaniki ya leƙo ya ba da tasa gudummawar, ya ce shi ba ruwansa da faɗa, amma in keken duba-gari ya kwana minti kaɗan a hannunsa, birki zai iya mantawa da aikinsa a gangaren gada. Mai unguwa kuwa, wani dattijo da ya ƙware a sauraro da ido rufe, ya ce a yi haƙuri. An taɓa gaya masa gidansa na cin wuta, ya ce a yi haƙuri.

Abin da ya sauya lissafin ba nasiharmu ba ce. Washegari Yaya ta je sayen itace wurin Mama, ta same ta a bayan ɗaki tana tura wasu ɓaraguzan tukunya ƙarƙashin tarin itace, tana waige-waige. Randarta ce. An fasa tun makon jiya, ta ɓoye, tana ɗebo ruwa a gwangwani. Da Yaya ta matsa mata, sai tsohuwa ta fashe da kuka, ta ce kunya take ji, kada a ce tsufa ya sa ta zama ƙazama, idonta ba ya gani sosai, wataƙila da gaske akwai abin a ruwan.

Yaya ta dawo ba itace. Ta tsaya a zaure tana kallon taɓaryar nan, ni kuma ina kallon ƙofa. Can ta ce in ta buge shi, zuciyarta za ta yi sanyi na wuni ɗaya, su kuma su aiko wani mai ludayin da ya fi wannan tsawo, Mama kuma ta ci gaba da zaton ita ce ƙazama. Ta ɗaura gyale a ƙugu ta fita.

Ba lallashi ta je yi ba, kada a yi mata ƙarya. Gida gida ta shiga tana faɗa. Ke an fasa miki? Sau nawa? Me kika bayar? Don me ba ki faɗa ba? Sai ga shi layin gaba ɗaya kowa da tabonsa, kowa ya rufe. Wadda ta ba da kaza tana jin kunyar ta ba da hanci, wadda ba ta bayar ba tana jin kunyar an ce da ita ƙazama. Madam ta ce ita gwangwanin kifi take bayarwa tun bara, mijinta yana zaton ɓeraye ne. Ya sayi tarko har uku.

Suka taru da la'asar a gindin mangwaro, matan layin duka, har da waɗanda ba sa fita, waɗanda suka aiko tsofaffinsu. Ni na jawo kekena bakin zaure don hasken ya fi kyau a nan. Shawarwari suka yi ta fitowa, barkono a ruwan zafi, ƙaiƙayi a sirdin keke, wata ma ta ce ta san wani malami a Makera da zai sa wandon ya ƙi fita daga jikinsa. Ana cikin haka Mama ta ce ita abin da ke damunta daban ne. Mutumin nan shekara da shekaru yana shiga gidajenmu, ba wanda ya taɓa ba shi ruwa ya sha. Kowa in ya ji sallamarsa sai ya daskare. A garinsu, in ji ta, ko wanda ya zo karɓar haraji sai an ba shi ruwa tukuna.

Da zuciya ɗaya ta faɗa, tsohuwar kirki. Amma sai na ji Yaya ta yi dariya. Tun rasuwar mijinta ban ji ta yi ba, kuma ba irin dariyar da mutum ke so ya ji a bayansa ba ce.

Ta ce Mama ta yi gaskiya, mun yi rashin tarbiyya. Baƙo guda, ma'aikacin gwamnati, yana shan rana saboda lafiyarmu. Daga yau za a karɓe shi yadda ake karɓar baƙo. A shimfiɗa masa tabarma, a karɓi kayan hannunsa, a ɗebo masa ruwa daga randar da ya zo dubawa, a farin kwano, a tsakar gida, a gaban mutane. In ya sha, to ruwan da ma'aikaci ya sha ba ya zama ƙazanta daga baya. Madam ta ce a wajensu mai gida ne ke fara kurɓa kafin ya miƙa wa baƙo, don a san ba a sa komai ba. Yaya ta ce wannan al'ada ta yi, an karɓa.

Sai ta ƙara da abin da ya kusa watsa taron. Ta ce kafin Alhamis ita da kanta za ta duba kowace randa, da kowane tulu, da kowane fasasshen kasko da ke tare ruwan sama a bayan ɗaki, don ba za ta tsaya a gaban mutumin nan ta kare ƙazantar gaske ba. Kuma ta duba. Jama'a suka gane ashe duba-gari mai sauƙi ne, shi ana iya ba shi kaza. A wasu gidajen ta samu abin da ake nema, na gaske, ba na ludayi ba. A gidan mai unguwa ta samu wata tsohuwar kwatarniya da 'ya'yan sauro suka yi zuriya a ciki har sun naɗa nasu mai unguwar. Ta kifar da ita a gabansa. Ya ce a yi haƙuri. Ta ce za a yi, amma ranar Alhamis ya sa babbar rigarsa ya fito, don baƙo ba ya zuwa unguwa babba yana ɗaka. Mata biyu suka daina gaishe ta a makon nan. Ba ta lura ba, don ita ma ba ta cika amsawa ba.

Alhamis ta zo da irin zafin nan na damina da hadari ke haɗuwa ya ƙi zuba. Wajen hantsi sai ga shi ya jingine keke a bakin layi, leburansa na biye. Ya ɗaga kai ya ga abin da bai taɓa gani ba. Layi a share, mata da yara a tsaye, mai unguwa cikin babbar riga yana zufa, makaniki ya wanke hannu har ana ganin launin fatarsa, ni kuma na sa hular da na ɗinka wa wani bai zo karɓa ba. Muka haɗa baki muka yi masa sannu da zuwa. Ya waiga bayansa ya ga ko wani babba ne ke tafe.

Gidan Mama ne na farko. An shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kafin ya ankara makaniki ya sa hannu biyu, cikin ladabi, ya sauke masa ludayi daga kafaɗa, yana cewa Oga ba ya ɗaukar kaya a gabanmu. Ya koma gefe ya ɗauraye shi ciki da waje, har cikin ramin mariƙin, ya goge da tsumma. Ni dai ban ga abin da ya fito ba, ba zan yi shaidar zur ba. Makaniki ya rantse da Littafinsu cewa abin da ya zubo daga mariƙin nan ya isa a buɗe kiwon kifi. Abin da na sani shi ne tun daga ranar ludayin ya daina haihuwa.

Mama ta ɗebo ruwa daga sabuwar randar da mata suka haɗu suka saya mata, ta kurɓa, ta durƙusa ta miƙa masa farin kwano. Ruwa garau, ana ganin zanen furen da ke ƙasan kwanon.

Ya dubi kwano, ya dubi jama'a. Mutum ne mai kai, ban hana shi ba. Ya gyara murya ya ce, “Na gode, Mama. Azumi nake yi. Na Alhamis.”

Ba wanda ya shirya wa wannan. Na ga wuyan Yaya ya kumbura. Abin da ya ƙara wa azumin kwarjini shi ne leɓensa ja wur da goro, ga kuma ragowar a kumatu yana ta ƙoƙarin tura ta baya da harshe. Ni ne Allah ya ba ikon buɗe baki, na ce Allah ya karɓa, Malam, irin wannan ibada sai ku. Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi, har Madam.

Yaya ta saki numfashi. Ta ce tunda baƙonmu na azumi, haramun ne mu bar shi ya wahala. Ya zauna kawai ya sa ido, mu za mu yi masa aikin. Aka kawo babbar farar tasa, aka riƙa kwarfo ruwan randa da moɗa ana zubawa a gabansa, a cikin rana, yana kallo har aka kai ƙasa. Kowace tasa sai an tambaye shi, ranka ya daɗe, ka ga wani abu? Sai ya ce babu. Sannan masu gida su sha, maƙwabta su sha, a ba yara.

Haka muka yi ta yi gida bayan gida. Rana ta take, iska ta tsaya cak. Ruwan sabuwar randa kuwa kowa ya san sanyinsa da ƙamshin ƙasar nan. Bawan Allah yana zaune a tabarma cikin hular kwano, maƙogwaronsa na hawa da sauka, mutum arba'in suna shan ruwa a gabansa suna ajiyar zuciya. Ni kaɗai na sha abin da ya isa a yi wa jirgin ƙasa guzuri zuwa Zariya, kuma kowane kwano sai na yi hamdala da ƙarfi, don a koya wa yara. Leburansa, da ba ya azumi, ya sha har ya nemi ƙari.

Gidanmu ne na ƙarshe, kuma kowa ya san nan ne maganar take. Da muka shiga ya ƙi zama. Ya ce wasa ya ƙare, doka ta ce da ludayin gwamnati ake dubawa, a ba shi kayansa. Yaya ta karɓa daga hannun makaniki, ta sake ɗauraye shi da kanta, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya tsoma a randa, ya juya, ya kwarfo, ya kai wa haske. Ya sake. Ya karkata randar ya leƙa har hularsa ta kusa faɗawa. Ya duba tukunyar koko, ya duba madafa, ya ɗaga murhu. Ba komai.

Na fara murmushi ke nan sai na ga ya nufi ƙofar baya. Ya tura ta, ya tsaya. Ga tafkin kwata nan kwance, kore shar, ya jiƙa gindin katangarmu. Shekara nawa yana tsallake shi, yau Allah ya buɗe masa ido. Azumi ba ƙarya ba. Ya tsoma ludayi ya ɗago, wannan karon ba sai an taimaka wa ludayin ba, baƙi ƙirin ya fito yana motsi. Ya juyo yana murmushi, ya ce ruwa kwance a jikin gidan mai sayar da abinci. Ya sa hannu a aljihun gaba inda takardun sammaci suke.

Ban san lokacin da Yaya ta bar wurin ba. Sai dai na gan ta a bakin zaure, hannunta a bayan ƙyaure. Yaranta suna tsaye jikin Mama, ƙaramar ta riƙe zanen tsohuwar. Na san abin da ke bayan ƙyauren, Madam ta sani, ina jin shi ma duba-gari jikinsa ya ba shi, don hannunsa ya tsaya a aljihu. Ta daɗe a haka. Sannan ta zaro hannun, ba komai a ciki sai gyalenta da ta rataye a ƙusa. Ta yafa.

Ta ce, “Ranka ya daɗe, gaskiyarka. Ruwan nan ƙazanta ne, kuma duk mai shi ya cancanci sammaci. Ni dai ban da famfo, ban da bahon wanka. Baƙo ba ya tafiya ba rakiya. Mu raka ka ta nan, mu ga daga gidan wa ya fito, sai ka rubuta mana gaba ɗaya, ni da shi.”

Rakiya kuwa ba a ƙin ta. Mai unguwa da kansa, wanda ban taɓa ganin ya yanke shawarar da ta wuce ta zaɓen goro ba, ya kama hannun duba-gari irin kamun girmamawa, ya ce bismilla. Muka bi gefen kwata muka hau tudu, mata, yara, makaniki yana tura masa kekensa, leburori da suka zo cin tuwo suka tarar ba kowa su ma suka biyo. Duk inda ya rage sauri sai a ce sannu Malam, azumi ne, a hankali. Kwata ta yi ta kai mu, ta wuce bayan gidan wannan akawu, ta karɓi ruwan wancan, har ta kai mu inda ta fi faɗi, ƙarƙashin wani bututu da ke tsiyaya daga bayan wani gida mai jan kwano da furanni. Kukun gidan ya leƙo ta taga, ya ga duba-gari, ya gaishe shi da fara'a, ya ce maigida yana ciki yana hutawa, ko a tashe shi?

Gidan shugabansa ne na ofis.

Ya ce kada a tashe shi. Ya faɗa da sauri har sau biyu. Yaya ta tsaya tana jira, ta ce ga ta ga gidan, da wanne za a fara? Ya cire hular kwano, karo na farko da muka ga ashe sanƙo ne da shi, ya share zufa. Ya ce a gaskiya wannan matsala ce ta magudanar ruwa, ba ta mutum ɗaya ba, zai kai rahoto. Ta tambaye shi, a gaban kowa, to ita fa, gobe ta dama koko ko kada ta dama? Ya ce ta dama. Ta ce ba ta ji ba, hayaniyar yara. Ya ce, “Ki dama, Hajiya.” Yaya ko Zariya ba ta cika zuwa ba balle Makka, amma ta karɓa.

Da muka sauko ya tsaya a ƙofar Madam, ya ce a taimaka masa da ruwa. Rana ko karkata ba ta gama yi ba. Ba wanda ya yi dariya, Yaya ta riga ta kafa doka a kan haka da ido. Ya shanye kwano biyu. Na ce masa ai na nafila ne, Malam, Allah ya ga niyya.

Rahoton nasa ina jin yana hanya har yanzu, gadar tana da tsawo. Da aka ga shiru Yaya ta kira gayya. Juma'a Musulmi suka ce ba su ba, Lahadi Kiristoci suka ce ba su ba, ta ce to Asabar da rana ba ta kowa ba ce, duk namijin da bai fito da fartanya ko shebur ba kada ya zo mata da kwano ranar Litinin. Ba a taɓa ganin taron maza masu kishin unguwa irin na ranar ba. Muka haƙa wa kwatar hanya ta bi gangare ta faɗa rafi, muka cike tafkin da ƙasa da ɓaraguzan randunan da aka fito da su daga ɓoyo. Ni aka ba aikin ba da umarni, saboda bayana.

Abin da ban hango ba shi ne abin da zai biyo baya a kaina. Tun daga ranar duk wadda ke da damuwa a layinmu, da layin baya, har daga Makera, ƙofarmu take nufa. Mai gida ya ƙara haya ba dalili, a zo wurin Yaya. An hana matan leburori ɗiban ruwa sai yaran akawuna sun gama, a zo wurin Yaya. Zuciyar tana nan yadda take, sai dai yanzu in ta taso, Yaya gyale take nema, ta tara mata, a tsara wa zai yi magana, wa zai yi shiru, a ƙetare gada a zauna a barandar ofis cikin ladabi har a gaji da ganinsu.

Wata safiya ta tashe ni tun assalatu, ta ce za su ƙetare kan maganar famfo, ita da Madam da Mama, ga ƙullu nan, ga wuta ta haɗa, in ruwa ya tafasa in zuba ina juyawa. Na ce Yaya, ni fa tela ne, ina da mutunci a garin nan. Ta ce mutuncin ya riƙe muciya.

Na dama. Leburan farko ya kurɓa, ya tauna, ya sake taunawa, ya zaro wani gudaji ya duba shi a haske. Ya tambaye ni cikin natsuwa ko akwai wuƙa a kusa. Na bayansa ya leƙa tukunyar, ya ce shi yau azumi yake yi, ya tambaye ni ƙarfe nawa mai koko za ta dawo.